Tasirin Ilimi a Kan Zaɓin Mata Game da Gwajin Sankarar Mama: Nazari Daga Suleja, Jihar Neja

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ilimi yake shafar shawarar da mace ke yankewa game da gwajin sankarar mama, inda ta ɗauki garin Suleja a matsayin farfajiyar nazari. An yi bitar manyan binciken da aka wallafa a kan batun, aka auna sakamakonsu da yanayin garin. Maƙalar ta nuna cewa zurfin karatun boko yana taimaka wa mace ta isa asibiti da wuri, amma shi kaɗai ba ya samar da zaɓi bisa sani. Abin da ke samar da shi shi ne takamaiman bayani a kan cutar da gwajinta, cikin harshen da mace ke ji, wanda ya kai ga mijinta da danginta, kuma yake da hanyar asibiti a bayansa.

1.0 Gabatarwa

Sankarar mama, wadda jama'a suka fi kira ciwon dajin nono, ita ce kan gaba cikin cututtukan daji da ke kama mata a Nijeriya. Ƙiyasin GLOBOCAN na 2022, wanda cibiyar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa take fitarwa, ya nuna sababbin masu cutar 32,278 a ƙasar nan cikin shekara guda, waɗanda suka rasu kuma 16,332. Wato duk inda aka gano mutum biyu, an yi jana'izar ɗaya. A faɗin duniya kuwa, a wannan shekarar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata miliyan 2.3 da suka kamu, kimanin 670,000 suka rasu, abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Babban abin da ya haifar da wannan tazara shi ne makara wajen zuwa asibiti da kuma yanke magani a tsakiya.

Manufar maƙalar ita ce amsa tambayoyi biyu. Wane irin ilimi ne yake sa mace ta yanke shawara a kan gwaji tana sane da amfaninsa da iyakarsa? Kuma ta wace kafa wannan ilimi zai kai ga matan Suleja?

An zaɓi Suleja ne saboda matsayinta. Gari ne na masarautar Zazzau ta Haɓe da aka kafa a 1828, wanda ya bar wa Babban Birnin Tarayya sunansa na farko, wato Abuja, bayan 1976, ya kuma zama maƙwabcinsa na jikin ƙofa. Hausawa da Gbagyi da Koro da Fulani da Nufawa da Yarbawa da Ibo duk suna zaune a cikinsa. Akwai ma'aikaciyar gwamnati mai digiri da ke sammakon zuwa aiki Abuja, akwai 'yar kasuwar Madalla, akwai matar aure da karatunta na allo da Islamiyya ne. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada da Asibitin Ƙasa na Abuja ba su da nisa da garin idan aka kwatanta da sauran sassan jihar. Tun da nisa bai zama babban uzuri ba a nan, tasirin sani da rashinsa ya fi fitowa fili.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Marteau da Dormandy da Michie (2001) sun shimfiɗa ma'aunin da aka fi dogara da shi wajen gane zaɓi bisa sani. A ganinsu sai abu uku sun haɗu: mutum ya san muhimman bayanai, ya kasance yana da ra'ayi a kan gwajin, sannan abin da ya aikata ya dace da ra'ayin nasa. Bisa wannan ma'auni, macen da aka kwasa a mota aka kai wajen gwaji ba tare da ta san me ake nema ba ba ta yi zaɓi ba, ko da kuwa gwajin ya amfane ta. Nutbeam (2000) kuma ya kasa fahimtar lafiya gida uku: iya karanta saƙo da bin umarni, iya tattaunawa da ma'aikacin lafiya, da iya auna bayani a tace shi.

Dangane da gwaje-gwajen kansu, binciken da ya fi girgiza tunanin masana shi ne na Shangai a ƙasar Sin (Thomas da abokan aikinsa, 2002). An koya wa rabin mata 266,064 masu aiki a masaƙu yadda za su riƙa laluba mamansu da kansu, aka bar ɗaya rabin. Bayan fiye da shekara 10, mutuwa ba ta ragu ba a cikin waɗanda aka koyar, sai dai yawan ɗibar tsoka daga ƙullutun da ba sankara ba ne ya ƙaru. A Ingila, kwamitin Marmot (2012) ya duba gwajin hoton mamogiram, ya ƙiyasta cewa cikin mata 10,000 da aka riƙa gayyata daga shekara 50 har tsawon shekara 20, za a kuɓutar da 43 daga mutuwa, za a kuma yi wa 129 maganin cutar da da an bar ta ba za ta taɓa cutar da su ba. Wannan shi ne abin da maƙalar nan za ta kira ganowa fiye da kima. Hersch da abokan aikinta (2015) sun gwada gaya wa mata wannan gaskiya a Ostareliya: masu zaɓi bisa sani suka tashi daga kashi 15 zuwa 24 cikin ɗari, masu niyyar yin gwajin kuma suka sauka daga kashi 87 zuwa 74.

Binciken Mumbai a Indiya (Mittra da abokan aikinsa, 2021) ya fi kusa da halin da muke ciki. Mata 151,538 aka bibiya tsawon shekara 20. Ma'aikatan lafiya mata, waɗanda karatunsu bai wuce na sakandare ba, su aka horar suna duba mama da hannu duk shekara biyu. An riƙa gano cutar a matakin da bai yi nisa ba, mutuwa kuma ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari a tsakanin mata masu shekara 50 zuwa sama.

A Afirka kudu da Sahara, Jedy-Agba da abokan aikinta (2016) sun tattara bincike 83 daga ƙasashe 17, suka gano kashi 77 cikin ɗari na matan sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu ake gano ta. A wani aikin nasu na 2017 a asibitocin Nijeriya, ƙarancin karatu da zaman karkara da rashin yarda cewa cutar na warkewa duk sun tafi tare da makara. Binciken ABC-DO (McCormack da abokan aikinta, 2020), wanda ya haɗa da asibitocin Aba da Owerri, ya nuna kashi 36 cikin ɗari kacal na matan Nijeriya ne suke raye shekara 3 bayan gano cutar, alhali fararen matan Namibiya kashi 90 ne.

Giɓin da ke cikin waɗannan ayyuka a fili yake. Masu nazarin zaɓi bisa sani sun yi aikinsu ne a ƙasashen da ake aika wa kowace mace takardar gayyata. Masu nazarin Nijeriya kuma sun fi ƙidaya shekarun makaranta, ba su cika tambayar me mace ta sani ba.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

Nazarin na bita ne da ƙwanƙwance. An ɗauki ma'aunin Marteau a matsayin ra'in da aka ɗora aikin a kai, aka haɗa shi da ginshiƙai uku na Shirin Sankarar Mama na Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021: a gano aƙalla kashi 60 cikin ɗari na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, kuma aƙalla kashi 80 su kai ƙarshen magani. Daga nan aka bi sawun mace tun daga ganin alama har zuwa magani, ana duba inda ilimi ke shiga a kowane mataki.

4.0 Nazari

4.1 Karatun boko da iyakarsa

Binciken Alƙaluma da Lafiya na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 35 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 ba su taɓa shiga makarantar boko ba. Amfanin boko a wannan fage ba ɓoyayye ba ne. Mai karatu tana iya karanta takardar turawa, ta gane ranar komawa, ta yi wa likita tambaya da Ingilishi ba tare da tafinta ba, kuma sau da yawa tana da kuɗin shigarta. Sai dai babu wani aji a firamare ko sakandare da ke tabbatar da cewa ɗaliba ta fita ta san ƙullutun sankara a farkonsa ba ya ciwo. Mai digiri ma tana iya ɗaukar bayaninta daga WhatsApp ko Facebook, inda mai tallar maganin da ke “narkar da daji” ya fi likita iya magana. A ma'aunin Nutbeam, boko yana ba da mataki na farko, yana sauƙaƙa na biyu, na uku kuwa sai an koyar da shi da gangan.

4.2 Zaɓin da ke gaban macen Suleja

Nijeriya ba ta da tsarin gayyatar dukan mata masu wasu shekaru zuwa gwajin mamogiram. Gwajin da ake yi na dama ne: gangamin wayar da kai na watan Oktoba, ko ziyarar wata gidauniya irin su Raise ta Dakta Amina Abubakar Bello da ke Minna da Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, ko kuma mace ta biya daga aljihunta. Hukumar Lafiya ta Duniya tun a 2014 ta bayyana cewa inda tsarin lafiya bai yi ƙarfi ba, a fifita gano cutar da wuri a wajen masu alama a kan tantance masu ƙoshin lafiya da na'ura. Ga shi kuma yawancin masu cutar a Nijeriya suna tsakanin shekara 40 da 50 da 'yan kai, wasu ma ƙasa da haka, lokacin da tsokar mama take da kauri, hoton mamogiram kuma ba ya nuna ƙullutu sosai, sai an haɗa da sikanin.

Saboda haka muhawarar ganowa fiye da kima, duk da muhimmancinta ga ma'aikaciyar da za ta biya kuɗin mamogiram a Abuja, ba ita ce damuwar mafi yawan matan unguwannin Suleja irin su Kwamba ko Maje ba. Zaɓinsu uku ne a jere: ta bari ma'aikaciyar lafiya ta duba ta da hannu ko kuwa, ta kai ƙullutun da ta ji asibiti yanzu ko ta jira, ta yarda a ɗebi tsoka ko ta gudu.

Ga yadda lamarin ya saba tafiya. Mace tana wanka ta ji wani abu mai tauri a gefen mama wajen hammata. Ba ya ciwo, don haka ta bar shi. Bayan makonni ta gaya wa yayarta ko surukarta, a ce mata ruwan nono ne ya kwanta tun yayen auta. Ta biya kemis a ba ta kafso. Da ya ƙara girma sai a nemo na shafawa da na sha wajen mai magani. Sai fata ta fara tauri tana ramuka kamar ɓawon lemo, ko kan nono ya shige ciki, ko gyambo ya fashe, sannan a nufi babban asibiti. A kowane mataki an yanke shawara, kuma kowace shawara tana da hujjarta a wajen mai ita. Bayanin da aka gina ta a kai ne ba daidai ba.

4.3 Abin da ya wajaba mace ta sani

Gangamin wayar da kai yakan tsaya a “ku zo a duba ku, rigakafi ya fi magani”. Wannan taken yana da illa a nan, domin gwaji ba ya hana cutar zuwa, gano ta kawai yake yi. Macen da ta ɗauka an yi mata rigakafi bana za ta iya yin sakaci da ƙullutun da ya fito baɗi.

Bayanin da ya cika ma'aunin Marteau dole ya ƙunshi cewa mafi yawan ƙullutun mama ba sankara ba ne, amma hannu ba ya iya rarrabewa. Cewa rashin ciwo ba alamar lafiya ba ce. Cewa haihuwa da shayarwa suna rage haɗari amma ba sa kawar da shi. Cewa ajiye kuɗi ko waya a rigar mama ba ya jawo cutar. Cewa sakamako mai kyau na yau ba tabbaci ne na gobe ba. Dole kuma a faɗi abin da ke gaba idan aka ga wani abu, domin tsoron abin da ke gaba shi ke hana zuwa.

A nan ne maganar da ta fi kowace kashe mata take: daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu. Maganar ba daga sama ta faɗo ba. Jama'a sun ga matan da aka yi wa aiki suka rasu bayan 'yan watanni, suka ɗora laifin a kan wuƙa, alhali cutar ta riga ta bazu kafin a isa asibiti. Makara ta haifi mutuwa, mutuwa ta haifi tsoro, tsoro ya sake haifar makara. Ba a karya wannan da tsawa ko da izgili. Ana karya shi ne da bayani dalla-dalla: ana kashe wurin da allura, a sa wata allura mai rami a ciro ɗan siririn nama, a kai ɗakin gwaji a duba, mace ta koma gida a ranar. Wannan gwajin ne kaɗai ke tabbatar da cutar, shi ne kuma ke nuna irinta, domin maganin wadda ke bin sinadarin jikin mace daban yake da na wadda ba ta binsa. Sannan a gaya mata gaskiya game da cire mama, cewa yana yiwuwa, kuma idan an zo da wuri akan iya cire ƙullutun kaɗai a bi da gashi na na'ura. Macen da ta rayu shekaru bayan magani, idan ta yarda ta tsaya gaban 'yan'uwanta mata, ta fi kowace takardar bango tasiri.

4.4 Wa ke yanke shawarar?

Ma'aunin Marteau ya ɗauka cewa mutum ɗaya ne ke sani, ya zaɓa, ya aikata. Binciken 2018 da aka ambata ya nuna matan aure da ke da ta cewa a kan lafiyar kansu ba su kai rabi ba a Nijeriya. A gidan Bahaushe izinin fita da kuɗin mota da kuɗin gwaji yawanci daga miji suke, kuma da wuya a yi aikin tiyata ba tare da iyaye da surukai sun sa baki ba. Akwai kuma fargabar da mace ba ta cika furtawa ba, wato matsayinta a ɗakinta bayan an cire mata mama, musamman inda akwai abokiyar zama. Ilimin da aka ba mace aka bar mijinta rabin aiki ne. Wannan ba hujja ba ce ta ƙwace mata ikon jikinta. Shawara ta ƙarshe tata ce, amma waɗanda take jingina da su suna bukatar bayanin nan iri ɗaya, daga bakin da suke girmamawa.

Kafafen suna nan. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji, wato malamai mata, ke ɗaukar karatu su kai wa matan ƙauyuka har cikin gidajensu. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN kuma a Minna aka kafa ta a 1985. Makarantun Islamiyya na matan aure da zumuntar mata a majami'u suna tara mata duk mako ba tare da an ba su ko kwabo ba. Malamai sun daɗe suna karantar da cewa neman magani ba ya cin karo da tawakkali, abin da ya rage shi ne a ɗaure wannan karatu da wannan cuta a fili, a huɗuba da majalisin maza. Macen da ta iya karatun ajami ko ta saba haddar darasi mai ilimi ce, kuskure ne a rubuta ta cikin marasa karatu a tsara saƙo kamar ba ta iya riƙe hujja.

Wani wuri da ake sakaci da shi shi ne ɗakin awo da na rigakafin yara, inda mata ke haɗuwa da ma'aikaciyar lafiya mace. Sai dai darasin Mumbai ya nuna amfanin dubawa da hannu ya fi bayyana ga masu shekara 50 zuwa sama, waɗanda sun daina zuwa awo. Su sai an bi su Islamiyya da majami'a da kasuwa.

4.5 Sani ba tare da hanya ba

Idan aka wayar da mace, ta zo, aka ji ƙullutu, aka ce mata “ki je Abuja” ba takarda ba rana ba sunan sashe, an ƙara mata tashin hankali ne kawai. Kwana 60 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya ma'auni ne na tsari, ba na mace ba. Kuɗi ma ɓangare ne na bayani. Asusun tallafa wa masu sankara da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 ya shafi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma Asibitin Ƙasa na Abuja yana cikin asibitocin da aka fara da su. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga 'yan ƙasa. Iyalin da ba su san da waɗannan ba za su yanke shawara ne a kan lissafin sayar da gona ko fili, kuma galibi za su zaɓi jinkiri.

5.0 Shawarwari

Ana ba da shawarar a daina auna nasarar gangami da yawan matan da suka halarta. A riƙa auna abin da suka fahimta, da yawan waɗanda aka tura suka isa, da kwanakin da aka ɗauka kafin sakamako ya fito, da matakin da aka gano cutar. Sashen lafiya matakin farko na Ƙaramar Hukumar Suleja ya horar da ma'aikatansa mata a kan duba mama da hannu, a tanadi bayani guda da Hausa da Gbagyi da Ingilishi wanda likitoci suka tantance, ya ƙunshi amfani da iyaka da abin da ke biyo baya. Masu bincike a jami'o'in da ke kewaye su gudanar da nazarin fili a unguwannin garin da ma'aunin Marteau, bayan an gyara shi ya haɗa da miji da dangi.

Kira na musamman yana ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Neja da Majalisar Masarautar Suleja: kafin gangamin Oktoba mai zuwa, a ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar turawa tsakanin Babban Asibitin Suleja da asibitocin Gwagwalada da Abuja, a kuma naɗa ma'aikaciya guda da za ta riƙe sunan duk macen da aka ji wa ƙullutu, ta bi ta har sakamakon gwajinta ya fito.